Dokin Ƙarfe a Ƙasar Gumel: Jiya da Yau

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, amma ni ina ganin tuna baya shi ne hasken gaba, shi ya sa na ɗauko tarihin keke a ƙasarmu ta Gumel.

Keke irin wanda muke hawa, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya ƙera shi a Ingila cikin 1885. A 1888 kuma Dunlop ya fito da taya mai iska. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan a 1930 aka kai dogo Nguru, ya bi ta Gagarawa. Jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa yana kawo kayan kanti, ciki har da keken Raleigh. Manomi in ya sayar da gyaɗa da kaka, babban burinsa ke nan. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e su ne gwanayen hawansa, har lasisi ake yankar masa. A wancan zamani mai keke mutum ne, in ya buga ƙararrawa sai a ba shi hanya.

Daga baya al'amari ya juya. Ƙarin albashin Udoji na 1974 da kuɗin man fetur suka cika gari da babura da motoci, keke ya zama abin hawan talaka da yara. Aka yi ta shimfiɗa kwalta ba tare da an tuna da shi ba. An kafa Jihar Jigawa a 1991, daga bisani aka kafa yankin ciniki maras haraji a Maigatari, bakin iyakar Nijar, zirga-zirgar manyan motoci ta ƙaru. Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya san yadda tirelolin shanu ke kora mai keke cikin yashi. Ba talaka kaɗai ba, a 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe, mai kiran jama'a su koma keke, mota ta jefa shi rami a Abuja yana kan kekensa.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Sai ga shi an kakkaɓe tsofaffin kekuna, masu faci sun sami kasuwa. Ni ma a lokacin na soma zuwa makaranta a kan keke, na kuwa lura cewa direba da yawa yana ɗaukar mai keke tamkar baƙo a titi.

Tarihi bai goyi bayansa ba. Keke ya riga kwalta zuwa garuruwanmu, kuma hanya ta kowa ce. Saboda haka ina roƙon hukuma ta ware wa keke gefen titi, direbobi su rage gudu a cikin gari, mu kuma masu keke mu gyara birki, mu sa fitila da dare. Rai ba shi da faci. Allah ya kiyaye hanya, amin.