Murder on the Orient Express (wasan dandamali)

Murder on the Orient Express wasan kwaikwayo ne na dandamali wanda marubucin Amurka Ken Ludwig ya tsara daga littafin Agatha Christie mai wannan suna, wanda aka wallafa a 1934. An fara nuna shi a watan Maris na 2017 a gidan wasan McCarter da ke Princeton, jihar New Jersey. Emily Mann ce ta ba da umarni, Allan Corduner kuma ya fito a matsayin Hercule Poirot, jami'in bincike ɗan ƙasar Beljiyam.

Asali

Masu kula da haƙƙin mallakar ayyukan Christie ne suka nemi Ludwig ya yi aikin, alhali an fi saninsa da wasannin barkwanci irin su Lend Me a Tenor. Ita kanta Christie ba ta cika son ganin Poirot a dandamali ba: da ta mayar da littattafanta Death on the Nile da The Hollow zuwa wasa, cire shi ta yi gaba ɗaya.

Labari

Wasan ya buɗe da sace wata yarinya 'yar Amurka, Daisy Armstrong, wadda daga baya aka kashe. Daga nan labari ya koma Istanbul a 1934, inda Poirot ya hau jirgin ƙasa na Orient Express da taimakon abokinsa Bouc, jami'in kamfanin jirgin. Cikin dare dusar ƙanƙara ta tare hanya a Yugoslabiya. Da gari ya waye aka tarar da gawar wani attajiri, Samuel Ratchett, a ɗakinsa, an caccaka masa wuƙa, ƙofa kuma a kulle ta ciki. Poirot ya gano cewa mamacin shi ne Cassetti, wanda ya kashe Daisy ya kuma kuɓuta daga hukunci. A ƙarshe ya tabbata cewa duk waɗanda ake zargi suna da alaƙa da gidan Armstrong, kuma haɗa baki suka yi.

Bambanci da littafin

Babban canjin da Ludwig ya yi shi ne rage yawan mutane. A littafin mutum 12 ne suka yi kisan, raunuka ma 12. Ba a banza Christie ta zaɓi wannan adadi ba, domin shi ne yawan mutanen gari da ke zama a kotunan Ingila da Amurka su yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi, wato makasan sun naɗa kansu kotu ne. A wasan kuwa mutum 8 ne, raunuka 8. An cire Dokta Constantine, aka ba Countess Andrenyi ilimin likitanci don ta duba gawar. 'Yan wasa 10 sun isa, kuma ɗan wasa ɗaya ne yakan fito a matsayin Ratchett da Kanar Arbuthnot, wato mamaci da ɗaya daga cikin makasansa.

Ragin ya sauƙaƙa wa mai kallo, wanda ba shi da damar komawa shafin baya ya tuna wane ne wane. Amma ya tafi da kamancen kotun, sai nauyin hukunci ya koma kan mutum ɗaya. A littafin Poirot ya gabatar da bayani biyu, na gaskiya da na wani baƙo da ya shigo jirgin ya tsere, Bouc da likitan suka zaɓi na baƙon, ya janye ba tare da wata damuwa ba. A wasan shi ne yake kokawa da zuciyarsa, yana faɗa wa masu kallo kai tsaye cewa tambayar ko ya yi daidai ba ta daina damunsa ba. Wannan ƙarshe ya fi na littafin nauyi, duk da yawan raha da ke rabin farko, musamman daga bakin Misis Hubbard.

Sauran nune-nune

An kai wasan Hartford Stage a Connecticut a 2018. A Ingila an nuna shi a Chichester Festival Theatre a 2022, Henry Goodman yana Poirot, Jonathan Church yana ba da umarni. A 2024 Lucy Bailey ta shirya wani sabo da ya zagaya biranen Birtaniya tare da Michael Maloney.