Zaizayar Ƙashi da Karayar Gadon Baya: Bayani Kan Magunguna Domin Al'ummar Jabo da Kewaye

Wannan bayani mun tanade shi ne domin al'ummar Jabo da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, tare da uwayen ƙasa, hakimai, masu unguwanni da ma'aikatan lafiya na karkara, waɗanda su ne jama'a kan fara tuntuɓa idan lalura ta samu.

Mene ne wannan ciwo?

Zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, lalura ce da ke cinye ƙashi daga ciki, kamar yadda gara ke cin azara: waje lafiya lau, ciki kuwa ya rarake. Ba ta zafi sai ranar da ƙashin ya karye. Ta fi kama mata bayan ɗaukewar jinin al'ada, amma dattawa maza ma ba su tsira ba.

Gadon baya gaɓoɓi ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Idan sun yi rauni, sai gaban wata gaɓa ya murƙushe saboda nauyin jiki. Ba sai an faɗo daga bisa ba. Ɗaukar tulu, daka, jan guga, tsallen babur a hanya mai gargada, kai har tari mai ƙarfi, duk suna iya jawo wannan karaya. Alamunta su ne ciwon baya da ya zo farat ɗaya, wanda ke ƙaruwa a tsaye ya lafa a kwance, sai raguwar tsawo da ranƙwafawa sannu a hankali. A wurinmu akan ce tsufa ne kawai. Binciken likitoci ya nuna kusan kashi 1 cikin 3 ne kacal na irin wannan karaya ake ganowa a asibiti, kuma cikin matan da suka samu karaya ɗaya, kusan 1 cikin 5 kan sake samun wata kafin shekara ta zagayo. Dalilin da ya sa ba a jinkirta magani ke nan.

Kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya

Wajibi ne a tabbatar da abin da ya murƙushe ƙashin. A ƙasarmu tarin fuka yakan kama ƙashin baya, har ya fitar da ƙusumbi, kuma a ido yana iya kama da zaizayar ƙashi. Haka nan ciwon daji da ya taso daga mama ko wani sashe na jiki ya bazu zuwa ƙashi. Wanda ciwon bayansa ya zo tare da rama, zazzaɓin yamma ko gumin dare, ko kuwa ciwon ba ya lafawa ko a kwance, a fara da gwajin waɗannan. Maganin tarin fuka kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin gwamnati, maganin ƙarfafa ƙashi kuwa ba zai yi masa komai ba.

Matakin farko shi ne hoton ƙashi a babban asibiti mafi kusa, kamar na Tambuwal. Daga nan likita zai iya tura majiyyaci Sakkwato, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ko kuma Asibitin Ƙashi na Wamakko. Akwai na'ura ta musamman mai auna kaurin ƙashi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'auninta a 1994, amma dattijon da hoto ya nuna gaɓar bayansa ta murƙushe ba tare da wani babban haɗari ba, likita na iya fara masa magani ko ba a yi wannan awo ba.

Idan ƙafafu suka mutu ko suka yi nauyi, ko majiyyaci ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, wannan lamari ne na gaggawa, a tafi asibiti a ranar. Muna kuma roƙon masu ɗori, waɗanda jama'a suka amince da su tun kaka da kakanni, da kada su ja ko su danna ko su taka bayan da ake zaton ya karye. Gadon baya ba hannu ba ne, lakar da ke motsa ƙafafu ta cikinsa ta bi.

Maganin zafi daban, maganin ƙashi daban

Zafin karayar yakan ragu cikin mako 6 zuwa 12. A wannan lokaci farasitamol shi ne na farko. Dikilofenak da ibufurofen suna aiki, sai dai suna iya taɓa ƙoda da jawo gyambon ciki ga tsofaffi, don haka sai da izinin likita, kuma na 'yan kwanaki. Kwanciya mai tsawo tana ƙara cinye ƙashi, gara majiyyaci ya riƙa ɗan takawa da zarar ya iya.

A nan akwai abin da muke son jawo hankalin jama'a a kai. Ƙwayoyin deksametason da firedinisolon, waɗanda akan zuba cikin haɗin da wasu masu kemis da 'yan talla a kasuwannin ƙauye ke sayarwa domin ciwon jiki, kuma wasu mata ke sha domin ƙiba, suna cikin manyan abubuwan da ke zaizaye ƙashi. Mutum zai ji sauƙi a yau, ƙashinsa kuwa yana ƙarewa. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ya kai wa likita ragowar ƙwayoyin ya gani, shi zai tsara masa yadda zai rage su.

Ƙwayar mako-mako

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne alendironet, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995 da sunan Fosamax, yanzu kuma kamfanoni da dama ke yin sa, abin da ya sa ya fi sauran araha. Ana shan miligiram 70 sau ɗaya a mako. Aikinsa rage saurin da jiki ke rushe ƙashi, kuma ga waɗanda suka taɓa karaya yana rage haɗarin wata sabuwa a baya da kusan rabi. Ɗan'uwansa risedironet, mai sunan Actonel, miligiram 35 ne a mako.

Amfanin wannan ƙwaya ya rataya ne kan yadda aka sha ta, domin ɗan kaɗan ne daga cikinta ke shiga jini, abinci kuwa yana hana ko wannan kaɗan ɗin. A sha da safe kafin a ci komai, da cikakken kofi na ruwa zalla. Ba da koko ba, ba da shayi ba, ba da fura da nono ba. A haɗiye ta ɗungurungum, kada a tauna ko a tsotsa. Bayan haka a zauna a miƙe ko a tsaya har minti 30, ba ci ba kwanciya, domin idan ta maƙale a hanyar abinci tana ƙona wurin. A zaɓi rana guda da ba za a manta ba, kamar Juma'a ko ranar kasuwar gari, kuma a ɗora wa wani ɗa ko jika alhakin tunatarwa. A watan azumi, mai shan ta zai iya tashi da wuri ya sha, ya jira rabin awa kafin sahur, muddin ya yi sa'o'i bai ci komai ba, amma ya fara shawartar likitansa.

Ba ta dace da mai wahalar haɗiya ba, ko wanda ba ya iya zama a miƙe, ko mai ciwon ƙoda mai tsanani, ko mai juna biyu. Akan sha ta shekara 5, sannan likita ya duba ko za a ci gaba ko a huta.

Ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara

Zoledironet, wanda ake sayarwa da sunan Aclasta, miligiram 5 ne da ake sakawa ta jijiya cikin aƙalla minti 15, sau ɗaya a shekara, yawanci har shekara 3. Babban binciken da aka wallafa a 2007 ya nuna ya rage karayar ƙashin baya da kashi 70 cikin 100. A ganinmu, ga mutumin Jabo ko na ƙauyukan Kebbe da ke nesa da kantin magani, ko tsohuwar da ba za ta iya kiyaye ƙa'idojin ƙwayar mako-mako ba, wannan ne zaɓin da ya kamata iyali su tambayi likita a kansa, tunda tafiya ɗaya ce a shekara. Dole a gwada ƙoda tukuna, a kuma sha ruwa sosai a ranar, balle a lokacin bazara. Bayan ƙarin farko wasu kan yi zazzaɓi da ciwon jiki na kwana 2 zuwa 3. Kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a hau shan magani ba gwaji.

Waɗannan magunguna suna da matsaloli biyu da ba kasafai ake gani ba: rauni a ƙashin muƙamuƙi da ya ƙi warkewa, musamman bayan cire haƙori, da kuma tsagewar ƙashin cinya bayan shekaru ana sha. Saboda haka a gyara haƙora kafin a fara, kuma a sanar da likita duk wani sabon ciwo a cinya.

Allurar wata shida da sauransu

Denosumab, mai sunan Prolia, allura ce ta miligiram 60 a ƙarƙashin fata duk wata 6, kuma tana yiwuwa ga wasu masu raunin ƙoda. Ƙarfinta ya kusa na zoledironet. Sai dai tana da sharaɗi mai nauyi: idan aka tsallake ko aka daina ba tare da maye gurbinta da wani magani ba, ƙashi kan zube da sauri, gaɓoɓi da yawa su karye a jere. Iyalin da ba su da tabbacin kuɗin allura ta gaba da ta bayanta, ko samun ta a kan lokaci daga wurin da ke da firji, gara su faɗa wa likita gaskiya tun farko a zaɓi wani.

Akwai kuma masu gina sabon ƙashi, waɗanda akan ware wa mai karaya da yawa. Teriparatayid, wato Forteo, allura ce ta kullum har kimanin shekara 2, tana da tsada kuma sai a firji. Romosozumab, wato Evenity, wanda ya fito a 2019, allura ce ta wata-wata har wata 12, ba a ba wanda ya samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Duk biyun sai an bi su da alendironet ko zoledironet, in ba haka ba abin da aka gina ya rushe. Raloksifin kuwa ƙwayar kullum ce ta mata kaɗai, tana kare ƙashin baya amma tana iya jawo daskarewar jini a jijiya.

Abin da magani ke buƙata daga tukunya

Duk waɗannan ba sa aiki yadda ya kamata sai jiki na da isasshen sinadarin kalsiyam, kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana ga dattijo, tare da bitamin D. A nan ƙasarmu ba ta rasa ba: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, wake, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. Bitamin D kuwa fata ke samar da shi daga hasken rana, don haka tsohuwar da ciwo ya zaunar a ɗaki a riƙa fito da ita tsakar gida da hantsi. Idan likita ya rubuta ƙwayar kalsiyam, kada a haɗa ta da alendironet a lokaci guda, a bar ta sai da rana ko dare.

Ga shugabanni da ma'aikatan lafiya

Muna kira ga ma'aikatan cibiyoyin lafiya a matakin farko da su riƙa auna tsawon dattawa suna rubutawa, su kuma tambayi duk mai ciwon baya irin ƙwayoyin da yake sha. Masu unguwanni su taimaka wajen faɗakar da jama'a kan sayen magani a kantin da ke da rajista, mai ɗauke da lambar NAFDAC. Iyali su ajiye kati guda da aka rubuta sunan maganin, ranar da aka fara da ranar komawa asibiti, su riƙa tafiya da shi duk inda za a duba majiyyaci, har da wurin likitan haƙori. Masu son sanin ko tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha zai ɗauki wani ɓangare na kuɗin gwaji ko magani, sai su tuntuɓi hukumar SOCHEMA ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsu.