Satiru, Garin da Aka Hana Sake Ginawa

Idan mutum ya bar Sakkwato ya nufi kudu, tafiyar kimanin mil 14 za ta kai shi inda Satiru take a da. Kufai ne yanzu. A farkon zuwan Nasara kuwa gari ne na talakawa: manoma, almajirai, da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, mutanen da suka gaji da haraji, ko na Bature ko na sarki.

Tun 1904 maganar Mahadi ta kunno kai a garin. Aka kama malaminsu, ya rasu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Ana nan sai ga wani malami, Ɗan Makaho, ya gudo daga ƙasar Zabarma inda Faransawa ke nemansa ruwa a jallo. Wa'azinsa ya ƙara wa wutar itace.

Ranar 14 ga Fabrairu 1906 Turawa suka taho da sojan doki, a zatonsu kame kawai za su yi su koma. Tun sojoji ba su gama daidaita sahu ba Satirawa suka auka musu da fartanya da gatari da kibau, kayan da jiya-jiya suke zuwa gona da daji da su. Dawakai suka firgita, sahu ya watse. Nan aka kashe Hillary, mai riƙon muƙamin Razdan, da Scott da Laftanar Blackwood, da sojoji baƙar fata wajen 25. Har bindiga mai ruwa aka bari a fili.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka bar Satirawa su kaɗai. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu da sarakansa suka tsaya bayan Razdan Burdon, Gwamna Lugga kuma ya turo runduna. Ranar 10 ga Maris aka buɗe wa garin wuta, aka bi waɗanda suka gudu har cikin daji. An kiyasta mutum 2,000 suka halaka. Aka kwashe mata da yara aka rarraba, aka rushe gidaje, Ɗan Makaho kuma aka yanke masa hukuncin kisa a Sakkwato. Daga nan Sarkin Musulmi ya yi baki ga duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.