Katangar Ƙarfen Da Ta Raba Kan Mutanen New York

Yau Amurka zan kai ku, mu ji yadda kuɗin gwamnati ke shiga aikin masu zane da sassaƙa.

A 1934, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta fara ware kusan kashi 1 cikin 100 na kuɗin sababbin gine-ginenta don ƙawata su. Daga nan aka samu zane-zanen bangon da har yau suke gidajen waya na ƙananan garuruwa. A 1963 kuma hukumar GSA, mai kula da gine-ginen gwamnatin tarayya, ta tsayar da nata kason: rabin kashi 1 cikin 100.

To, da wannan kason ne aka ba Richard Serra aiki, a kan dala 175,000. A 1981 ya kafa wata katangar ƙarfe mai ɗan lanƙwasa, tsawonta ƙafa 120, tsayinta ƙafa 12, a tsakiyar filin da ke gaban ofisoshin gwamnatin tarayya a New York. Ya sa mata suna Tilted Arc.

Ai fa sai ma'aikata suka ce ba su san zancen ba. Ta tare musu hanya, kullum sai sun zagaya kafin su shiga ofis, ga ta kamar tsatsa ta cinye ta. Kusan mutum 1,300 suka sa hannu a takardar koke. A Maris 1985 aka yi zaman jin ra'ayi: mutum 122 suka ce a bar ta, 58 suka ce a cire. Duk da haka kwamitin ya yanke a cire. Serra ya ce don wannan filin ya ƙera ta, ɗauke ta daidai yake da rushe ta. Ya je kotu, bai yi nasara ba. Daren 15 ga Maris 1989 aka yanka ta gida uku, aka kai ma'ajiya.

Ni dai a ganina, tun farko aka ɓata lissafi. Masana suka zaɓa, gwamnati ta biya da harajin jama'a, amma masu bin filin safe da yamma ba a tambaye su ba sai da ƙarfe ya riga ya tsaya. Ƙarshenta kowa ya yi asara: Serra ya rasa aikinsa, jama'a suka rasa kuɗinsu.

Ku fa, wa kuke ganin ya fi gaskiya? Ina jiran ra'ayoyinku. Sai shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.