Daga Ayari zuwa Zaure: Yadda Magabata Suke Sassauta wa Kansu Aiki

Kafin Turawa su kawo albashi, Bahaushe bai san wata rana guda da ake cewa mutum ya gama aiki ba. Abin da ya sani shi ne sassautawa: mutum ya riƙa sauke nauyi kaɗan-kaɗan tun yana da sauran ƙarfi, ya bar wa kansa wanda jikinsa zai iya ɗauka.

A duba gandu. Maigida da 'ya'yansa maza suna noma gona guda, hatsi ya shiga rumbu guda, shi kuma ya ciyar da gida, ya biya haraji, ya yi wa samari aure. Kowane ɗa yana da gayaunarsa da yake nomawa bayan an tashi daga gandu. Da furfura ta fara yawa, uba sai ya daina riƙe garma, amma rumbu yana hannunsa, shi ke cewa ga inda za a shuka gero, ga inda za a kai taki. Kakana haka ya yi. Na taso na tarar ya bar noman rani da damina ga baffannina, ya koma tufkar igiya da kiwon raguna na layya a ƙofar gida, kuma ba a taɓa auna hatsi a gidan nan ba da saninsa ba.

Fatake sun fi kowa iya wannan shiri, domin hanyar Gwanja ba ta tsoho ba ce. Ayari yakan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu a kan jakai, ya yi watanni kafin ya isa Salaga a ƙasar Gwanja, ya juyo da goro. Wanda ya sha wannan tafiya shekara da shekaru yakan nemi zango ya kafa gida, ya zama fatoma. Baƙi su sauka wurinsa, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu a kan bashi, ya karɓi la'ada. Ƙafarsa ta huta, amma sanin hanya da amanar da ya tara suna ciyar da shi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, irin waɗannan masu gida suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara. A unguwar Sabo ta Ibadan, da aka kafa a 1916, su ne suka riƙe cinikin shanu da goro.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fataucin goro ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, sai ya zauna a Kano, yaransa suka riƙa shiga ƙauyuka da kuɗinsa. Har ya rasu a 1955 yana kasuwanci, sai dai tafiyar ta koma wuyan waɗanda ya horar. Dama al'ada ce yaro ya yi wa maigida hidima, maigida ya yi masa aure, ya ba shi jari. Yaron nan shi ne ajiyar maigida.

Fansho ya zo da wani lissafi dabam. Dokar fansho ta 1951, wadda aka mayar da farkon aikinta 1946, da dokar soja mai lamba 102 ta 1979, sun koya wa ma'aikaci jiran rana guda, wadda daga baya ta zama shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Da yawa sun kai ranar ba gona, ba sana'a, ba yaro, sai takardu da layin tantancewa. Gyaran 2004 ya buɗe wa kowane ma'aikaci asusun kansa, na 2014 ya sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ba shi aiki kashi 10. Amma wanda ya ajiye aiki da wuri ba zai fara cin asusun ba sai ya cika 50, in ban da kashi 25 da ake ba wanda ya bar aiki ko ya rasa shi ya yi wata huɗu bai sami wani ba.

Saboda haka nake gaya wa ƙannena ma'aikata masu burin sassautawa tun suna da arba'in da 'yan kai: tun ran gini, tun ran zane. Asusun fansho kuɗin tsufa ne, ba zai ɗauki shekarun da ke tsakani ba. Waɗannan shekaru suna buƙatar abin da fatoma ya tanada: dukiya mai haihuwa, ko gidan haya ne ko gona ko kiwo, sana'a mara wahala wadda mutane suka san ka da ita tun kana ofis, da yaro amintacce da ka koya wa aiki, ka kuma cika masa haƙƙinsa. A biya bashi, a gama ginin gida, a lissafa kuɗin makaranta da na asibiti, sannan a rubuta takardar ajiye aiki.