Lissafi a Tafin Hannu: Tarihin Ƙidaya da Yatsu

Idan mutum ya miƙe yatsu uku, wato manuni da na tsakiya da na zobe, ya sa babban yatsa ya danne ƙaramin, mafi yawan masu kallo za su ce uku yake nufi. Kurman da ya yi karatu da maganar hannu ta Amurka kuwa zai ce shida ne. Haka nan idan aka ware babban yatsa da manuni, Bajamushe zai ga biyu, mutumin ƙasar Sin ya ga takwas. Yatsu goma Allah ya ba kowa, amma karanta su ilimi ne da ake koya a cikin jama'a, kuma ilimin yana da dogon tarihi.

Tun zamanin Rumawa akwai tsarin da ke nuna adadi daga 1 har zuwa 9,999 da hannu biyu kacal. Wanda ya bar mana cikakken bayaninsa shi ne Bede, wani malamin coci a Ingila, a farkon littafin da ya rubuta kan lissafin lokuta a shekarar 725. A tsarin, yatsu uku na ƙarshe a hannun hagu su ke riƙe ɗaya zuwa tara, babban yatsa da manuni su riƙe gomomi, hannun dama kuma ya ɗauki ɗaruruwa da dubbai. Ba yawan yatsun da aka miƙe ake dubawa ba. Yadda aka lanƙwasa su da gaɓar da suka taɓa su ne adadin.

Larabawa ma sun san wannan fanni, suna kiransa lissafin ƙulli, sai dai su da hannun dama suke farawa. Ɗalibin hadisi ya sha cin karo da shi ko da bai lura ba. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) yakan ƙulla hamsin da uku da hannun dama a zaman tahiya. Ga mutanen wancan zamani wannan bayani ya wadatar: uku ita ce naɗe ƙaramin yatsa da na zobe da na tsakiya, hamsin kuma ajiye babban yatsa a gindin manuni. Yau sai malami ya yi sharhi kafin mu fahimta, domin harshen da aka yi siffar da shi ya ɓace mana. A ƙarni na goma, Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta wa magatakarda da ma'aikata a Bagadaza littafin lissafi bisa wannan hanya, yana rubuta adadi da kalmomi, alhali alƙaluman Indiya sun riga sun iso birnin.

Waɗannan alƙaluma ne suka ci kasuwar yatsu a hankali. Yatsa yana riƙe adadi ne muddin hannu bai motsa ba, takarda kuwa tana ajiye shi shekaru, tana kuma nuna inda aka yi kuskure. Duk da haka sauyin ya ɗauki lokaci. Fibonacci, wanda ya yaɗa sababbin alƙaluman a Italiya da littafinsa na 1202, ya koyar da alamomin yatsu a cikinsa, kuma Luca Pacioli ya buga zanensu a Venis a 1494. Bayan nan suka yi ta dusashewa a makarantun Turai.

A ƙasar Hausa hannu ya bar sawunsa a kasuwa. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya ratsa Tasawa a 1851, ya ga ana ƙidayar wuri biyar-biyar, ana tara shi tsibi-tsibi. Biyar ɗin nan yatsun hannu ɗaya ne.

Inda lissafin hannu ya rayu da ƙarfinsa shi ne wurin kurame. Makarantar da Charles-Michel de l'Épée ya kafa a Paris wajen 1760 ta tara yara kurame wuri guda, harshensu ya bunƙasa. Daga can Laurent Clerc ya tafi Amurka, ya taimaka aka buɗe makarantar Hartford a 1817. A maganar hannun da ta tsiro a can, hannu ɗaya ya isa ƙidaya: babban yatsa ya taɓa ƙarami shida, na zobe bakwai, na tsakiya takwas, manuni tara. Amma a 1880 taron malaman kurame a Milan ya zartar cewa koyarwa da baki ta fi, aka kori maganar hannu daga azuzuwa da dama. Sai a 1960 William Stokoe ya nuna cewa cikakken harshe ce mai nahawunta, kuma sai a 2010 taron ya yi watsi da hukuncin Milan a Vancouver.

Wannan tsari na Amurka ya iso Nijeriya ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma, wanda ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ya tarar kuwa kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshe tun kaka da kakanni, wanda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000, da sunan da masu shi suke kiransa, Maganar Hannu.

Mai karatu zai iya cewa ai ko ba harshe yatsu sun isa ƙidaya. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna akasin haka. An gwada wasu manyan kurame a Nikaragwa waɗanda ba su taɓa koyon maganar hannu ta jama'a ba, sai 'yan alamun da suka ƙirƙira a gida. Suna hulɗa da kuɗi, suna da yatsu goma, amma da adadi ya haura uku sai su riƙa kusantar amsa ba tare da dacewa da ita kullum ba. Abin da suka rasa shi ne jerin ƙidaya, wanda kowane adadi a cikinsa ya ɗara na bayansa da ɗaya. Kuramen da suka sami harshe tun suna yara ba su da wannan matsala.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. Yaron da aka haifa kurma a ƙauye, aka bar shi ba makaranta ba abokan hira, ba magana kaɗai aka hana shi ba, har da sanin ko canjin da aka ba shi a kasuwa ya cika. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da ya riƙe dubu tara a zamanin Bede yana nan a jikin wannan yaro. Abin da ya rage shi ne a kai shi inda za a koya masa karanta shi.