Akwatin Talabijin Mai Tulu a Ƙasar Kano

An fara aikin talabijin a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962. Hoto mai launi kuwa sai a 1975 aka fara watsa shi daga Jos. Gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa wa Jihar Kano tashar CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. Amma a ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, akwatin ya riga lantarki isowa. Da batirin mota ake kunna ƙaramin mai baƙi da fari, a ajiye shi ƙofar gida, unguwa duka ta taru kallon Samanja. Mai launin sai daga baya, a gidan mai janareta.

To, ga yadda abin yake. A cikin akwatin akwai wani tulun gilashi, wanda wani Bajamushe, Ferdinand Braun, ya ƙago asalinsa a 1897. A wuyan tulun mai launi akwai bindigogi uku masu harba lantarki: ta ja, ta kore, da ta shuɗi. Wajibi ne harbin nan uku ya haɗu a ɗigo guda, kamar maharba uku sun auna tsuntsu ɗaya. In ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi ne, sai ka ga farar riga ta yi baki ja ko shuɗi, mutum ya fito da inuwa biyu. Waɗansu zobba na maganaɗisu da ke wuyan tulun su ke daidaita harbin, ga kuma nannaɗen waya da aka tokare da roba. Zafin bazara kan busar da gam, jijjigar hanya kuma ta goce da su, don sau da yawa a kan keke ake kai akwatin gyara.

Ciwo na biyu shi ne dusashewa, watau hoto ya yi hazo kamar an shafa masa mai. Ƙurar hunturu takan taru a ciki, laimar damina ta jiƙa ta, ƙarfin wuta ya riƙa zurarewa. Wani lokacin kuma tulun ne ya tsufa, wannan kam ba magani.

Mai gyara yakan kafa madubi gaban akwatin, shi yana baya yana murɗa zobban a hankali, idonsa na kan madubi. Aiki ne mai hatsari ƙwarai, gama ƙarfin wutar tulun yakan kai bolt 25,000, kuma yana riƙe ta ko an zare waya. Shi ya sa gwanaye ba su barin yaran shago su sa hannu sai an sauke wutar.

Kamfanin Sony ya daina yin tulunsa na Trinitron a 2008, faifayen talabijin marasa kauri suka cika kasuwannin Kano, masu gyara da yawa suka koma kan wayar hannu.